Katikizim a waya: yadda muke koya wa yara a gidanmu

Wata ranar Talata 'yata ta tsakiya, lokacin tana aji huɗu a firamare, ta dawo daga makaranta ko jaka bata ajiye ba tace min, Baba wai mu Allah nawa muke bauta wa? Ashe wata ƙawarta ce ta tambayeta lokacin tara, ba da faɗa ba, tambaya dai irin ta yara. Nace to ke me kika ce mata? Tace ni shiru nayi Baba, don naji ana cewa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da na ƙirga da yatsu sai naga uku. Gaskiya ranar kunya ta kama ni. Yarinyar nan bata fashin Sande sukul, tana cikin Girls' Brigade, waƙoƙi kuwa ta fi ni iyawa, amma tambayar da duk ɗan Kiristan da ya tashi a Arewa sai an masa ita wata rana, ita bata da amsarta. Kuma ba laifin malamar Sande sukul bane, sau ɗaya take ganinsu a sati, aji cike da yara wannan na kuka wancan na tsokanar wancan. Laifina ne, ni da ke cin tuwo da ita kullum.

Daga nan muka fara katikizim a gida, yanzu shekara ta biyu kenan, kuma da waya muke yi tunda ɗan littafin da Babanmu ya koya mana da shi tuni gara ta gama da shi a ƙauye. Katikizim ba wani baƙon abu bane, duk wanda ya zauna ajin baftisma ya san shi, tambaya ce da amsa, a tambaye ka ka amsa har ta zauna maka a ka. Kuma tun asali aikin gida ne. Martin Luther, wanda cocin Lutheran ya samo suna daga gare shi, ya rubuta Ƙaramin Katikizim ɗinsa a 1529 bayan ya zagaya ƙauyukan Saksoni a Jamus ya tarar mutane na kiran kansu Kirista amma ko Addu'ar Ubangiji da Dokoki Goma basu iya ba, har wasu fastocin ma basu iya koyarwa ba, sai ya rubuta a saman sassan littafin cewa ga yadda maigida zai koya wa mutanen gidansa cikin sauƙi. Maigida fa yace. Ita ma Maimaitawar Shari'a 6:6-7 hakan take nunawa, ka koya wa 'ya'yanka kana zaune a gida, kana tafiya a hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi.

Kafin ka sauke komai, ka fara sanin na cocinku

Nan ne mutane ke yin garaje, su shiga Play Store su rubuta katikizim su sauke na farko da ya fito. Ba duka ne ɗaya ba. In kai ɗan Katolika ne, babban katikizim ɗinku na 1992 yana nan kyauta a shafin Batikan na intanet, amma sakin layi 2865 ne, ba abin zaunar da yara bane, gara taƙaitaccensa da aka fitar a 2005 mai tambayoyi 598, ko YOUCAT na 2011 da aka yi domin matasa, kuma ko a cikinsu ma tsinta zaka yi. In kana LCCN ne, wato cocin Lutheran na Najeriya, to na Luther shine naku. Su CRCN da NKST da sauran coci-cocin da ake kira Reformed suna da na Heidelberg, na 1563, tambayoyi 129 da aka raba su zuwa Lahadi 52. Akwai ƙaramin na Westminster na 1647 mai tambayoyi 107. Sai kuma wanda mu muke amfani da shi, New City Catechism, da ya fito a 2012, tambayoyi 52 ne cif, ɗaya a kowane sati, an tsamo shi ne daga tsofaffi irin su Heidelberg da Westminster, manhajarsa kyauta ce kuma akwai wani wuri a ciki da in ka kunna sai amsoshin su koma gajeru na yara, har da waƙa.

Dalilin da yasa nace ka kula, bambancin ba na wasa bane. Heidelberg da Westminster da na Luther da na Katolika duk suna koyar da yi wa jarirai baftisma, mu kuwa a ECWA da 'yan'uwanmu na Baftis sai mutum ya ba da gaskiya da bakinsa ake nitsar da shi a ruwa. Katolika na da sakramenti bakwai, mu biyu muke riƙe da su, baftisma da jibin Ubangiji. Ko ƙirgar Dokoki Goma ma ba ɗaya bace, girmama uba da uwa doka ce ta huɗu a wajen Katolika da Lutheran, a wajenmu ta biyar ce. To kaga in ka koya wa yaro na wani gidan, ranar da ya shiga ajin baftisma shi da malami zasu yi ta musu, yana cewa ai Babana yace. Ka nuna wa fasto ko katikis ɗinku abin da ka sauke, minti biyar bayan sujada ya isa, kuma yawancinsu murna ma zasu yi don ba kullum uba ke zuwa musu da irin wannan tambayar ba.

Maganar wayar kanta ba tsawo gareta ba. Ka sauke da dare lokacin da data ke da araha, ka buɗe ka gani ko tana aiki in ka kashe data, in bata yi to ka ɗauki sikirinshot na tambayoyin wata guda ka ajiye a folda ɗaya. Ka haɗa da Littafi Mai Tsarki na Hausa, manhajar YouVersion na da shi kuma ana iya saukewa a karanta ba data. Ka guji manhajojin da talla ta cika su, akwai wadda na taɓa saukewa muna tsakiyar Dokoki Goma sai ga tallan caca ta ƙwallo ta rufe fuskar wayar gaba ɗaya, babban ɗana har ya miƙo wuya yana kallo, a daren na goge ta. Sannan duk lokacin da zaku zauna ka danna alamar jirgin nan ta sama, wadda ke yanke kira da data duka. In baka yi haka ba saƙon WhatsApp ɗaya zai shigo kace bari in leƙa kawai, shikenan an tashi.

Maganar Hausa, inda aikin yake

Manhajar da muke amfani da ita da Turanci take, kuma yaranmu suna jin Turancin makaranta, amma na lura in suka haddace da Turanci bakinsu ne kawai ke motsi. Autarmu tana iya rera amsar tsaf da waƙarta, kace mata to me kenan, sai ta zuba maka ido. Don haka muka yanke cewa kowace tambaya sai mun mai da ita Hausa, Hausar da ake yi a tsakar gidanmu. In a gidanku Tarok ne ko Berom ko Bajju ko Bachama ke bakin yara to da shi za'a yi, abin dai shine yaren da yaro ke neman abinci da shi in yana jin yunwa.

Daren Asabar ni da maman yara muke zama mu yi wannan aikin bayan sun kwanta. Mu karanta tambayar, mu karanta ayar da aka haɗa ta da ita a Littafi Mai Tsarki na Hausa, mu ɗauko kalmomin daga can maimakon mu ƙirƙiro namu, alheri, fansa, baratarwa, tsarkakewa, tuba, duk suna nan tun kakanni. Misali tambaya ta farko tana tambaya ne kan abin da muke dogara gare shi a rayuwa da mutuwa, ayarta Romawa 14:7-8, amsar yara kuwa mun mai da ita haka, mu ba na kanmu bane, na Allah ne. Gajeriya, yaro ɗan shekara huɗu zai iya. Amma kalma ɗaya a cikin tambayar, wadda Turancin ya kira hope, ta riƙe mu kusan rabin awa a daren, ni na tashi da tsohuwar fassara ta 1932 da ke cewa bege, ita kuma ta saba da wadda ta biyo baya da ke cewa sa zuciya. Tace in kace wa yaran nan bege zasu ɗauka irin na saurayi da budurwa ne da suke ji a waƙoƙin rediyo, nace ai a coci bege ake cewa kuma shi zasu riƙa ji daga bagade har su tsufa. A ƙarshe muka sa bege a tambayar, muka bar sa zuciya domin bayani. Ita dai har yau tana ganin nata ne daidai.

Abin da zan ja kunne a kai da ƙarfi shine manhajojin fassara. Sati na uku gajiya ta kama ni, na kwafi tambayar na zuba a ɗaya daga cikinsu, kuma tambayar Triniti ce, wato ta Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, wadda ta jawo duk wannan aikin tun farko. Abin da ta bani shine, mutane nawa ne a cikin Allah, amsa, mutane uku. Mutane fa! Da na karanta wa yara haka da na ƙara dagula abin da nake son gyarawa, gobe yarinya taje makaranta tace Babana yace mutane uku ne. Washegari na kai wa fastonmu, yayi dariya har da riƙe ciki, sannan muka zauna muka daidaita a kan cewa Allah na gaskiya ɗaya ne tak, cikinsa kuwa akwai Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, daidai suke cikin iko da ɗaukaka. Ya kuma hana ni misalin nan da muke so na ruwa da ƙanƙara da tururi, yace wannan yana nuna kamar abu ɗaya ne ke sauya kama daga wannan zuwa wancan, alhali a bakin Urdun ranar baftismar Yesu ga Ɗa cikin ruwa, ga muryar Uba daga sama, ga Ruhu yana saukowa kamar kurciya, duk a lokaci guda. Yace ka karanta musu Matiyu 3 kawai ka bar ƙanƙara a firij.

Da zarar kun tsai da kalmomin, ku rubuta a littafi, irin mai falle 40 ɗin nan na 'yan makaranta, kuma kada ku sake taɓa su. Wannan ma shawarar Luther ce a gabatarwar littafinsa, a riƙe lafazi ɗaya da yara kada a riƙa canzawa, don in yau kace haka gobe ka juya, sai su rikice su rasa duka biyun. Na gwada na gani, in Mama tace na Allah ne ni kuma nace mallakar Allah ne, autar sai ta tsaya tana kallonmu ta rasa wa zata bi.

Yadda zaman ke tafiya

Mu bayan tuwon dare muke yi, kafin a kwashe kwanoni, don in aka tashi an tashi kenan, wannan ya nufi talabijin wancan barci ya ɗauke shi a kan tabarma. Wasu gidajen addu'ar asuba ta fi musu, amma mu da sanyin Jos da hanzarin makaranta bata yiwu mana ba. Minti goma ne, in hira tayi daɗi sha biyar. Kada ka mai da shi wa'azi, na yi wannan kuskuren a farko, na riƙa zuba bayani kamar an bani bagade ranar Lahadi, har maman yara ta taɓa ni da ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

Wayar a hannuna take ko a hannun mamansu, ba a hannun yara ba. In duba tambayar da ayar, in karanta, sannan in kifa ta a kan tebur. Wannan kifawar tana da muhimmanci sosai, don muddin fuskar wayar na haske to idonsu na kanta, ba sa jin ka. Daga nan baki da baki ne. In yi tambaya in ba da amsa, su maimaita, in gutsura ta gida biyu ko uku in tayi tsawo, mu yi tare, sannan ɗaya bayan ɗaya daga babba zuwa ƙarama, don ita ƙaramar kafin a zo kanta ta ji sau biyu. Ranar Lahadi da Litinin haddar kawai muke yi. Tsakiyar sati mu buɗe ayar, wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi, in tambaye su ina amsarmu take a cikin ayar nan, su nemo da kansu, saboda ina so su san ba daga waya maganar ta fito ba kuma ba Baba ne ya ƙago ta ba. Wajen Alhamis ko Juma'a sai hira, me wannan ke nufi a makaranta, a wajen ɗiban ruwa, in an aike ka kanti an baka canji fiye da naka. Asabar bita, mu koma baya mu tsinci tsofaffi uku ko huɗu ba bisa jeri ba. In baka yin bitar nan, kafin ka kai ta 20 ta 5 ta gudu.

Ranar hirar nan ita ce mai daɗin kuma ita ce mai tsoron. Muna kan dokar kada ka yi shaidar zur, babban ya ɗago yace, Baba to ranar da mai gidan haya yazo kace in ce masa baka nan fa? Tebur yayi tsit, mamansu ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Ba yadda na iya, nace ƙarya nayi kuma na sa ka kayi, ban kyauta ba, muka yi addu'a a kai. In baka shirya wa irin wannan ba to ka shirya, katikizim ba yara kaɗai yake kamawa ba. Wata ran kuma zasu jefo maka wadda ta fi ƙarfinka, wa ya yi Allah, me yasa bai kashe Shaiɗan tun farko ba, jaririn maƙwabta da ya rasu yana ina. Manhajar na da ɗan sharhi a ƙarƙashin kowace tambaya, yana taimakawa in ka karanta tun kafin zama, amma in abin ya wuce nan kace musu bari mu rubuta mu kai wa fasto, ka rubuta a bayan littafin a gabansu, kuma ka kai ɗin da gaske ka dawo musu da amsa. Kada ka lalubo amsa a intanet nan take ka karanta musu, ba ka san wa ya rubuta ba.

Bulala kuwa babu ita a wannan zaman ko kaɗan. Mu da aka koya wa da dorina mun san yadda abin yake, ka haddace don tsoro, ranar da aka maka baftisma ka sauke kayan gaba ɗaya. Wanda ya manta a tuna masa a wuce. Alawa ma ban cika so ba, mun gwada sati biyu sai ya koma ciniki, Baba in na faɗi biyu nawa za'a bani.

Akwai inda waya ta fi littafi nesa ba kusa ba, shine murya. Waƙoƙin manhajar na Turanci ne, to mamansu 'yar zumuntar mata ce, sai ta riƙa ɗora amsar Hausa a kan wani kari mai sauƙi irin nasu, da tafi, mu ɗauka a waya. Da safe tana musu shirin makaranta ta kunna, ba wanda yace su saurara, amma kafin Laraba zaka ji autar na rerawa a banɗaki. Muna kuma ɗaukar muryarsu ranar Asabar mu tura wa Kaka a ƙauye ta wayar ƙanina, ita bata karatu amma Shaidar Bangaskiya da Addu'ar Ubangiji suna kanta tun na ƙuruciya, sai ta maido da saƙon murya tana sa musu albarka, wani lokacin har da gyara, wai ba haka ake faɗi ba a zamaninsu. Yaran sun fi ɗokin wannan saƙon akan komai. In aiki ya kai ni Kaduna ko Abuja na kwana biyu, sai in turo tambayar da murya su maido da amsa. Gidan da uba baya nan, ko yana nan amma abin bai dame shi ba, uwa ta ɗauka kawai kada ta jira, Timoti ma a hannun kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya samu, yana nan a 2 Timoti 1:5.

Manyan yara sai da dabara. Ɗan shekara sha huɗu ba zai so ya riƙa rera amsa da ƙanwarsa 'yar nazire ba, zai ga an raina shi. Nawa sai na ba shi cikakkiyar amsa ta manya, kuma ranar Asabar shi ke riƙe littafin yayi mana tambayoyin bita, har da ni, kuma baya ɗaga min ƙafa in na tsallake kalma. Da zai tafi makarantar kwana inda ba'a barin waya, ya kwafi na zangon gaba ɗaya a littafinsa, in ya dawo hutu mu ga inda kowa ya kai.

Zaku yi fashi, wannan ba makawa. Mu mun yi na kusan wata biyu, jarrabawa ta zo, aka yi rasuwa a dangi muka tafi gida, muka dawo kowa ya share. Da muka farfaɗo ban koma ta 1 ba, bita muka yi na sati ɗaya muka ci gaba daga inda muka tsaya. Tambaya 52 ba dole sai a shekara ɗaya ba, ga shi mu muna cikin ta biyu bamu gama ba, wasu tambayoyin kamar na fansa sati uku muka yi a kansu don na ga basu shiga ba.

Sai littafin nan mai falle 40, kada ka raina shi don kana da waya. A damina da ta wuce wayata ta faɗa bokitin ruwa, sati uku tana wajen mai gyara, ta maman yara kuma ƙaramar nan ce mai tocila, ga wuta ana ɗaukewa kwana biyu a jere. Da tocilar muka riƙa haska littafin muna yi, sababbi ne kawai bamu samu ƙarawa ba sai da na roƙi wani ɗan'uwa a coci ya kwafo min guda uku a takarda daga tasa wayar. Ka dai ajiye shi a saman kabad inda hannun auta baya kaiwa, tamu ta yage mana shafin tambaya ta 12 tayi jirgi da shi, sai da yayanta ya sake rubutawa daga ka.